Idan Na'ura Ce Ta Yi Aikin, A Wuyan Wa Amanar Take?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta da lissafi, sa'an nan Ya ɗora masa amanar abin da hannunsa ya aikata da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka riƙa kira Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ta taso cikin 'yan shekarun nan wadda ta cancanci a tsaya a dube ta da natsuwa. A ce wani asibiti ko banki ya ɗauki ma'aikaci, ya yi masa lada domin ya tsara manhajar da za ta riƙa ajiye bayanan marasa lafiya ko lissafin kuɗin masu ajiya. Shi kuwa ma'aikacin sai ya juya ya umarci wata na'ura ta rubuta masa. Ta rubuta cikin ɗan lokaci kaɗan, ya gwada ya ga abu yana tafiya, ya miƙa, ya karɓi ladansa. Bayan wata shida masu kutse suka sami wata kafa a cikin rubutun, suka bi ta nan suka kwashe dukiyar mutane da asirinsu. To, a wuyan wa wannan hasara take? Na'urar ce, ko wanda ya ƙera ta, ko wanda ya umarce ta, ko kuwa wanda ya karɓi aikin bai bincika ba?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta masu ilmin kwamfuta ce kaɗai. Duk wanda ke karɓar albashi ta banki, ko ya cire kuɗi a wurin mai POS, ko ya aika wa iyayensa kuɗi ta waya, ya riga ya danƙa dukiyarsa ga wani rubutu da bai taɓa gani ba, bai kuma san wanda ya rubuta shi ba.

Yadda abin yake

Kwamfuta ba ta yin kome sai da umarni. Ita manhaja jerin umarni ce, layi bayan layi, a cikin wani harshe na musamman, kuma a da mutane ne kaɗai ke zama su rubuta ta. A shekarar 2021 aka fito da wata na'urar taimako mai suna GitHub Copilot, wadda ke ƙarasa wa mai rubutu layinsa tun bai gama ba. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, daga nan kuma sai abin ya game duniya, har ya kai mutum na iya faɗin abin da yake so da magana irin ta yau da kullum, na'ura ta mayar masa da shi umarnin kwamfuta. A watan Oktoba na 2024 shugaban kamfanin Google, Sundar Pichai, ya bayyana cewa fiye da rubu'in sabon rubutun manhaja a kamfaninsu na'ura ce ke yin sa, sa'an nan injiniyoyi su duba su karɓa.

Yadda irin wannan na'ura ke samun iyawarta shi ne, ana ɗura mata rubuce-rubucen da mutane suka yi a baya, masu yawan da ba wanda zai iya karance su a tsawon rayuwarsa, har ta goge da gane wace kalma ce ta saba biyo bayan wace. Idan aka tambaye ta, sai ta jero abin da ya fi kama da amsa bisa ga abin da ta saba gani. A cikin abin da aka ɗura mata kuwa akwai aikin gwanaye, akwai na 'yan koyo, akwai tsohon aiki wanda tuni aka gano ɓarakarsa aka daina yi. Duka ta haɗiye. Saboda haka takan fito da rubutu mai kyau ƙwarai, takan kuma fito da mai illa, duka biyun da murya ɗaya da tsari ɗaya, ba tare da wata alama da za ta raba su ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2021 waɗansu masana a Jami'ar New York suka gwada Copilot da ayyuka iri 89 waɗanda aka san akan yi kuskuren tsaro a cikinsu. Ta rubuta musu shirye-shirye 1,689, kuma wajen kashi 40 cikin 100 nasu an same su da kafar da mai kutse zai iya bi. Lalle na'urorin sun ƙara ƙwarewa tun daga lokacin, amma illar ba ta gushe ba.

A shekarar 2022 kuma masana a Jami'ar Stanford suka tara mutum 47, suka raba su biyu, waɗansu da na'urar taimako, waɗansu babu. Waɗanda ke da na'urar sun rubuta abin da ya fi rauni wajen tsaro, amma kuma su ne suka fi sakankancewa cewa aikinsu ba shi da aibi. Wannan ya fi na farkon ban tsoro, gama kuskuren da mai shi ke shakka a kansa yana da magani, wanda kuwa mai shi ya natsu da shi, sai ranar da ya fashe.

Akwai kuma wani abin mamaki. Masu rubuta manhaja ba sa ƙera kome da kome da kansu. Sukan ɗauko waɗansu ƙunsoshi na umarni da wasu suka riga suka shirya suka ajiye a rumbunan intanet, kowane ƙunshi da sunansa. A shekarar 2024 masana daga jami'o'i uku na Amurka suka bincika samfuri 576,000 da na'urori 16 suka rubuta, sai suka tarar kusan kashi 20 cikin 100 na ƙunsoshin da na'urorin suka ambata babu su sam, ƙagen suna ne kawai, kuma sunayen ƙagen sun haura 205,000. Haɗarin da ke nan shi ne, mugu na iya lura da sunan da na'ura ta saba ƙagawa, ya je ya ajiye gubarsa a rumbu da wannan suna, ya zauna yana jira. Wani mai binciken tsaro ya gwada haka da ƙunshin da ba kome a cikinsa, cikin wata uku aka sauke shi fiye da sau dubu goma.

A watan Yuli na 2025 wani ɗan kasuwa a Amurka, Jason Lemkin, ya ba da labarin abin da ya same shi da na'urar kamfanin Replit. Ya umarce ta kada ta taɓa kome, amma ta share rumbun bayanan da ke ɗauke da sunayen shugabannin kamfanoni fiye da 1,200. Da ya tambaye ta, ta ce ba za a iya dawo da su ba, daga baya kuwa ya gwada suka dawo. Shugaban kamfanin ya fito fili ya amsa cewa abin bai kamata ya faru ba.

Mai ruwaya da ba shi da isnadi

Musulmi ba baƙi ba ne ga tambayar nan ta wa za a gaskata. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa Muhammadu ɗan Sirina, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya ba da labarin yadda da farko mutane ba sa tambayar isnadi, amma da fitina ta auku sai suka fara neman a ambata musu mutanen da aka ji magana daga bakinsu. Daga nan malaman hadisi suka kafa sharuɗɗa biyu ga mai ruwaya. Na farko adalci, watau ya zama mai tsoron Allah wanda ba zai yi ƙarya da gangan ba. Na biyu kiyayewa, watau ya zama yana riƙe abin da ya ji daidai, ba ya cakuɗa shi. Mutumin kirki mai yawan mantuwa ba a karɓar ruwayarsa shi kaɗai, haka kuma mai kaifin hadda wanda aka taɓa kama shi da ƙarya.

Idan aka auna na'ura da wannan ma'auni, sai a ga ba ta da matsayi a sharaɗin farko ko kaɗan. Ba za a kira ta maƙaryaciya ba, domin ƙarya tana bukatar niyya. Ba kuma za a kira ta mai gaskiya ba, domin ba ta tsoron hisabi, ba ta jin kunyar a kama ta. A sharaɗi na biyu kuwa, bincike ya nuna tana da kiyayewa mai ban mamaki a wani wuri, tana kuma da cakuɗawa a wani wuri, har takan ambaci sunan abin da babu shi, kamar mai ruwayar da ke jingina magana ga malamin da ba a taɓa haifa ba. Hukuncin irin wannan a wurin malaman hadisi sananne ne: ana rubuta abin da ya faɗa domin a gwada shi da ruwayar amintattu, ba a kafa hujja da shi shi kaɗai.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne fasaha. Ɗan Adam ya saba cewa wanda bai san abu ba yakan yi in-ina, yakan yi jinkiri, muryarsa takan nuna. Ita na'ura ba ta in-ina. Amma malamai ba su taɓa ɗaukar daɗin lafazi a matsayin shaidar inganci ba, gama hadisan ƙarya da yawa sun fi waɗansu ingantattu daɗin ji a kunnen jahili. Aya ta shida a Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma faɗi dalili, watau gudun a cuci waɗansu mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. Dalilin nan yana nan daram a mas'alar manhaja, domin wanda kuskuren zai faɗa wa galibi wani bawan Allah ne can nesa wanda ba a yi shawara da shi ba.

Hukuncin dabba da mai ita

Shari'a ba ta ɗora wa kowa nauyi sai mai hankali, baligi, mai zaɓi. Na'ura ba ta cikin waɗannan. Ba a kai ta gaban alƙali, ba ta da dukiyar da za ta biya diyya, ba ta da lahirar da za a tsayar da ita. Saboda haka duk wanda ya ce laifin na'ura ne, a haƙiƙa cewa ya yi laifin ba na kowa ba ne, shari'a kuwa ba ta yarda haƙƙin mutane ya tafi a banza matuƙar akwai hannun ɗan Adam a cikin sababin.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware makamancin wannan a babin ɓarnar dabbobi. Ya zo a hadisi cewa ɓarnar da dabba ta yi ita kaɗai ba ta da ramuwa. Amma a mazhabar Malikiyya, idan akwai wanda ke kan dabbar, ko yana jan ta, ko yana kora ta, to abin da ta tattake yana wuyansa, gama tafiyarta tasa ce. Har ila yau Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa tana kan masu dabbobin. Manomi da makiyayi a ƙasar Hausa sun san wannan hukunci tun kaka da kakanni.

To ita na'ura ba ta tsinke igiya ta fita kiwo da kanta. Wani ne ya kunna ta, ya faɗa mata abin da yake so, ya ɗauki abin da ta rubuta ya dasa shi a cikin aikin mutane. Wannan shi ne mai kora. Wanda kuma ya ba ta mabuɗan rumbun bayanai ya bar ta tana aiki ba mai dubawa, ya yi kama da wanda ya saki garkensa da dare kusa da gonar maƙwabci ya je ya kwanta. Cewa ya gargaɗe ta kada ta taɓa kome ba ya wanke shi, kamar yadda makiyayi ba zai kare kansa da cewa ya yi wa shanu magana ba. Shinge ake yi, a kuma ɗaure.

Lamunin masu sana'a

Akwai wani babi da ya fi wannan kusa. Asali a shari'a, wanda aka ba ajiya ko aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci. Amma Malikiyya sun ware masu sana'a waɗanda suka kafa kansu domin yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, suka ce suna lamunin kayan da suka karɓa suka tafi da su bayan idon mai su, sai fa in shaida ta tabbatar cewa kayan sun halaka ba da sakacinsu ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ambaci wannan a Risala, littafin da ɗaliban ilmi a wannan ƙasa suka tashi da shi. Imamu Shaɗibi kuma ya kawo shi a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a, ya jingina shi ga halifofi shiryayyu, musamman Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda.

Hikimar hukuncin a fili take. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, aikin kuma ana yin sa inda mai kaya ba ya gani. Da za a gaskata kowane mai sana'a da zarar ya ce kaya sun ɓata, da dukiyar mutane ta salwanta, sakaci kuma ya zama ba shi da farashi. Ko da yake manhaja ba yadi ba ce da ake miƙa wa tela, kuma yanke hukunci a kan kowace ƙara aikin alƙalai ne da malaman fatawa, hikimar nan ta fi ƙarfi a nan. Mai riga yana iya juya ta ya duba ɗinki. Mai asibiti kuwa ko an shimfiɗa masa rubutun manhajarsa a gaba ba zai gane kome ba. Iyakar abin da ya saya da kuɗinsa shi ne idon gwani da amanarsa. Idan gwanin ya miƙa abin da shi kansa bai karanta ba, to ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba.

Abu Dawuda da waɗansu sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, shi ke da lamunin abin da ya faru. Wannan ya shafi wani sabon al'amari da na'urorin suka haifar. Yanzu wanda bai taɓa koyon rubuta manhaja ba yana iya haɗa wadda ke tafiya cikin yini ɗaya. In don kansa ya yi, ko don koyo, ba laifi, alheri ne ma. Amma ranar da ya kafa allo ya fara karɓar sunayen mutane da lambobin asusunsu, ya shiga sahun mai maganin da bai yi karatu ba, gama ba zai iya gane kafar da ke cikin aikinsa ba, balle ya toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa bai san ma inda bangon yake ba.

Abin da mai musu zai ce

Mai musu na iya cewa, ai mutane ma suna kuskure, kuma kuskurensu ya kashe rayuka tun kafin a san wannan na'ura. Wannan gaskiya ne. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, waɗansunsu suka mutu, kuma rubutun da ya jawo haka ɗan Adam ne ya yi shi. A Birtaniya kuma, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata, saboda wata manhajar lissafi mai suna Horizon tana nuna gibin kuɗin da babu shi. An ɗaure waɗansu, waɗansu suka tsiyace, waɗansu suka kashe kansu, sai a 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar wanke su. Wannan ma mutane ne suka rubuta ta.

Amma waɗannan misalai suna ƙarfafa maganar ne. Abin da ya halaka mutane a wurare biyun shi ne an gaskata kwamfuta an ƙaryata ɗan Adam, an cire shingen da ke kare mutane don an yarda rubutun ba ya kuskure. Idan haka ta faru a lokacin da kowane layi yana da wanda ya rubuta shi, wanda za a iya kira a tambaye shi dalili, yaya ke nan idan rubutun ya ninka sau goma kuma ba wanda ya karanta shi? Ga kuma wani bambanci. Ma'aikata dubu sukan yi kuskure dubu dabam-dabam, na'ura ɗaya kuwa takan maimaita kuskure ɗaya a wurare dubu, ɓarawon da ya gane shi ya sami mabuɗin gidaje dubu.

Wani kuma zai ce, ai kowa yana dogara da abin da bai sani ba. Mara lafiya yana shan magani bai san haɗinsa ba. Haka ne, kuma shari'a ta yarda wanda bai sani ba ya dogara ga masani. Sai dai wannan dogaro yana tsayawa ne a kan cewa a ƙarshen silsilar akwai mutum sananne wanda ya sani, wanda kuma zai amsa. Mara lafiya ya dogara ga likita, likita ya san abin da ya rubuta. Idan mai banki ya dogara ga injiniya, injiniya ya dogara ga na'ura, na'ura kuma ta jero abin da ya yi kama da daidai, to silsilar ta yanke, kowa yana zaton wani ya duba alhali ba wanda ya duba.

Ba a nufin a ƙaurace wa na'urar. Asalin abubuwan amfani halal ne, kuma wannan tana da amfani mai yawa: tana rage wahala, tana koyar da ɗalibi, har ma ana sa ta farautar ɓaraka a rubutun mutane tana kuwa samowa. Abin da ake nufi shi ne a ajiye ta a matsayin ɗan koyo mai saurin hannu, wanda maigidansa ba ya barin aikinsa ya fita shago sai ya duba. Zurfin dubawar kuma gwargwadon girman cutar da za ta iya aukuwa ne. Manhajar wasa ba ɗaya take da ta awon magani ba.

Algus da rabon alhaki

Saura tambaya ɗaya: shin wajibi ne mai sana'a ya gaya wa mai aiki cewa na'ura ce ta rubuta? Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani, sa'an nan ya barrantar da kansa daga mai algus. Abin lura shi ne, ruwan sama ne ya jiƙa abincin, ba mai shi ba. Laifinsa ɓoyewa ne. Haka nan amfani da na'ura ba aibi ba ne a kan kansa, kamar yadda tela ba ya neman gafara don ya yi ɗinki da keke. Aibin shi ne rubutun da ba a bincika ba. Wanda ya duba ya gwada ya fahimta, aikin ya zama nasa. Wanda bai yi haka ba, ya kuma bar mai aiki yana zaton an yi, ya sa busasshe a sama ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. In kuwa an yi sharaɗi tun farko cewa ba za a yi amfani da na'ura ba, ko ba za a zuba mata asirin mai aiki ba, to cika sharaɗi wajibi ne.

Alhakin bai tsaya a kan ma'aikaci shi kaɗai ba. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin suna da nasu kason, gama mai sayar da abu wajibi ne ya bayyana aibinsa a inda za a gani, kuma ɗan gargaɗin da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan shafi ba ya goge alkawuran da aka cika kunnen mutane da su a talla. Maigidan da ya rage ma'aikata, ya ce wa sauran su gama aikin wata cikin mako tun da ga na'ura, bai bar musu lokacin dubawa ba, shi ma yana cikin masu kora dabbar, kasonsa ma ya fi girma domin shi ke da iko. Hukuma kuma tana da nata, gama tun zamanin farko akwai muhtasibi mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli, domin talaka ba shi da halin gwada kowane ma'auni da kansa. Manhajar da ke riƙe da kuɗin jama'a da lafiyarsu ita ce mudun wannan zamani, kuma ta fi bukatar mai dubawa.

Wanda ya ce ya dogara ga Allah ya saki aikin haka nan, sai a tuna masa da mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Karanta rubutu layi-layi, da gwada shi, da tabbatar da cewa kowane ƙunshi da aka ambata yana nan kuma amintacce ne, da hana na'ura mabuɗin abin da ba a iya mayarwa, da sa wani gwani na biyu ya sake dubawa, waɗannan su ne igiyar. Bayan an yi su, abin da ya kuɓuce na ɗan Adam ne, Allah kuwa ba Ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Yawancin wannan aiki ana yin sa ne inda ba mai gani. Mai aiki ba zai taɓa sanin ko an karanta rubutun ko ba a karanta ba, wataƙila ma kafar ba za a gano ta ba sai bayan shekaru, lokacin da ma'aikacin ya daɗe da barin wurin. Abin da ya rage tsakaninsa da wannan tsohuwa da ke jiran kuɗin fanshon mijinta, ko wancan yaro da ke kwance a gadon asibiti, shi ne saninsa cewa Allah Yana ganinsa. Ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi amana, ba za a kira na'ura ba, sunan wanda ya karɓi ladan za a kira.

Allah Ya ba masu sana'a ikon kyautata aikinsu a ɓoye da sarari, Ya tsare dukiyar bayinSa da asirinsu, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.